Siminti a Marinar Kaka

"…da gajiya kuma, bawana? Ko da yake bayi ba su gajiya."

"Lahiya lau, baiwar gidanmu. Wa ya kwance ki da hantsin nan?"

Safara'u ce da Gide. Taubasai ne, uwarta ƙanwar ubansa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ta hanyar arziki ba. Tun rasuwar ɗiyata nakan sauka bakin rafin ƙauyenmu, kusa da Ketare, don ba kowa a wurin. Ranar sai na tarar da su.

A bakin rafin akwai tsohuwar marinar kakansu, ramuka goma sha ɗaya, an fi shekara talatin ba a yi rini a ciki ba. Hukumar kula da kayan tarihi ta aiko cewa ranar Laraba za ta turo mutane su duba. In sun gamsu, za a sa marinar cikin wuraren tarihi, a gyara hanya, a riƙa kawo ɗalibai da baƙi. Da jin haka Safara'u ta sayar da tunkiyarta ta sayi tanda biyu, za ta kafa wajen waina. Gide kuwa ya zo da siminti buhu huɗu a amalanke, da galan ɗin shuɗin fenti, har ya shafe rami ɗaya sumul.

Ta leƙa ramin, ta dafe ƙirji.

"Wannan mi ne ne?"

"Ci gaba. Ba ki gane shi ba, don ba a taɓa yi a gidanku ba."

"Gide, masai ka gina a marinar Kaka?"

"Baƙi za su zo daga Abuja, har da Turawa. In nuna masu rami duk tsaga, kunama na leƙowa? Su koma su ce Katsinawa ƙazamai ne?"

"Wanda ya baro Abuja siminti ya rasa? A kanshi yake kwana, a kanshi yake tashi! Ya sha ramukan hanyar Ƙanƙara don ya zo ya kalli naka?"

"Nawa da fenti."

"Innalillahi! Kaka ya yi shekara hamsin yana jiƙa baban rini, hannunshi shuɗi har aka yi mashi wankan gawa, jikanshi ya sayo shuɗi a galan."

"Rashin hali ne. Da Kaka ya ga galan da ya huta."

"Da ya ga jikanshi dai da ya tsoma shi a rami, ko kan ya rinu ya yi kyau."

Gide ya aje cokalin gininsa, ya gyara hula.

"Ke, wa ya sa da ke? 'Yar mace ce fa ke. Gadonki a marinar nan wari ne, shi ma sai iska ta juyo wajenku."

"Inna ce ke kawo ma Kaka abinci nan kullum, ubanka na can yana bin tsuntsu da danƙo. A bakinta na ji. Da laso ake shafe ramin rini. A kwaso katsin da ya kwanta a gindin rami, a ƙona, a daka, a kwaɓa da ruwan dafara da gashin akuya."

"Gashin akuya! Ina zan same shi kafin Laraba?"

"Ga shi nan a haɓarka. Na rami biyu ne."

"Gemun da mata ke layi su gani?"

"Masu neman tsintsiya."

Sai duk suka juyo wajena, don ni na karanta wa mutane takardar hukumar a ƙofar gidan mai gari.

"Malam," in ji Safara'u, "don Allah faɗa ma bawan nan abin da ke ciki."

Na ce takardar ta ce a bar wurin yadda yake, kuma wurin da aka sauya wa kama ba za a sa shi ba.

Gide ya dubi ramin, ya dube ni.

"Daidai nan ne na fita raka baƙo."

"Daidai nan kake barci, bakinka buɗe, ƙuda na shiga da sallama."

"Tunani nake yi."

"To yi wani yanzu." Muryarta ta ɗan sauka. "Tunkiyata na saida, Gide, mai ciki. Kuma ba ni kaɗai ba ce a ƙauyen nan: Mamuda ya gyara babur ɗinshi don ɗaukar baƙi, Suwaibatu ta saƙa faifai sun fi talatin. In mutanen nan suka ga masanka suka juya, wa zan saida ma waina? Kwaɗi?"

"Su ma in sun ɗanɗana za su bar rafin."

Ya faɗa, amma ya riga ya durƙusa yana danna simintin da ɗan yatsa. Yatsan ya nutse.

"Bai kama ba," in ji shi.

"To shiga ka kankare."

"Ni? Ɗan namiji? Mai marina?"

"Mai masai. Shiga, in riƙe maka hula kar ta ɓaci, ita kaɗai ce mai daraja a jikinka."

Ya miƙa mata hular, ya naɗe wando, ya zura ƙafa. Daga cikin ramin muka ji cokali na kankara, sai kuma dariyarsa ta taso tana amsa kuwwa.

"Safara'u! Kwashi buhu ukun nan a yi maki dakalin waina, kar baƙi su gan ki a ƙasa su ce ba mu kula da bayinmu. Amma wainar farko tawa ce!"

Ta leƙa ramin, ta saka hular a kanta.

"Ta farko kullum ƙonewa take yi. Taka ce har abada."