Ranar da Kanari Ya Rasa Kujerarsa

Duk Asabar ɗin ƙarshe ta watan Disamba, akwai wani shiri da wani gidan rediyo a Kano yake yi, wanda mawaƙa ke jira kamar sakamakon jarrabawa. Mai gabatar da shi Malam Ilu ne, wani dogon mutum mai tabarau, wanda ko yabon waƙa zai yi sai ya fara tsuke baki tukuna. Yakan karanto waƙoƙi goma da suka fi daɗi a shekarar, sannan ya juya takarda ya karanto goma da suka fi muni. Masu daɗin kowa ya riga ya haddace su, don haka rabin minti ake ba kowacce a wuce. Amma wadda ta zo ta ɗaya a muni, ita daga farko har ƙarshe ake sakinta, Malam Ilu yana tsayarwa yana sharhi, masu sauraro suna bugo waya suna dariya har suna ƙwarewa.

To, shekara uku a jere Sha'aibu Kanari ne yake riƙe da wannan kujera.

Shi ya raɗa wa kansa Kanari, babu wanda ya taya shi. Muryarsa kuwa, in ya ja baiti sai ka rantse tsohuwar ƙofar langa-langa ake turawa. Shekarar farko, da waƙarsa "Zuciyata Ta Yi Faci" ta zo ta ɗaya, kwana biyu bai leƙa ƙofar gida ba. Ya yi rantsuwa sai ya maka Malam Ilu a kotu, har ya aika a tambayo masa lauya mai sauƙi. A kwana na uku wayarsa ta fara ƙara. Ashe 'yan adaidaita sun ɗora waƙar, masu shayi sun ɗora, ƙawayen amare kuma sun matsa sai an kawo musu mutumin nan sun gan shi ido da ido. Hajiya Tumba, mai shirya bukukuwa, ta sa aka nemo shi. Da ya hau dandamali ya buɗe baki, mata suka riƙa faɗuwa kan juna don dariya. Abin ya yi masa ciwo, amma ya lura da abu guda: suna dariyar suna liƙi. Daga ranar bai sake maganar lauya ba.

Shekara ta biyu ya saki "Ki Dawo Mini da Cajata", ya sake lashewa. Ta uku ya saki "Soyayya Ta Taka Ni", ko abokin karawa bai samu ba. Ya yi wa gidansa sabon rufi, ya sayi mota ta hannu, ya fara ajiye tumbi.

Daga nan ne tunani ya shige shi, kuma tunanin nan shi ya ja masa. Sha'aibu ya zauna ya ce wa kansa, mutumin da ake rububinsa haka da waƙar da aka yi a gurguje, ina ga ya zauna ya yi ta tsanaki? Ai goman sama ce wurinsa. Ya ɗauko wani malamin makaranta ya rubuta masa baitoci masu kai da gindi. Ya samu wani tsohon mawaƙi ya yi wata huɗu yana koya masa inda ake jan numfashi. Ya je situdiyo mafi tsada a garin, mai haɗa sauti ya yi kwana tara yana bi da muryar ta cikin na'ura, yana gogewa yana kankarewa, har ta fito sumul. Da ya kunna wa matarsa Marsiya, sai ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Wannan kuma ta wace ce? Ko ta wane ne?" Sha'aibu ya ji daɗi har cikin ransa.

Waƙar, "Sannu a Hankali", tsakani da Allah ba ta da laifi. Irin waƙar nan ce da za ka ji a shagon aski, a gama maka ka fito ka manta ka ji ta.

Ranar shirin, tun la'asar ya tara abokai a tsakar gida, ya sayo tsire da lemo, ya ajiye rediyo a kan kujera ita kaɗai. Malam Ilu ya karanto goman sama tun daga ta goma har ta ɗaya, babu Kanari. Sha'aibu ya ce, "Hassada ce, mun saba." Aka juya takarda. Nan hankalinsa ya ɗan kwanta, don ko ba komai ya san gidansa. Ta goma, ta tara, ta takwas, har ta biyu, yana kaɗa ƙafa yana cewa a ransa kujerarsa tana nan.

Sai Malam Ilu ya yi gyaran murya ya ce bana an yi sabon sarki: Tukur Jiniya, da waƙarsa "Ina Sonki Kamar Janareta".

Minti shida cur aka yi ana sakinta. Abokan Sha'aibu suka yi ƙoƙari, wallahi sun yi ƙoƙari, amma da aka zo inda Jiniya yake kwaikwayon tashin janareta da bakinsa, ɗaya ya fesar da lemo, sauran suka bi. Daga kicin ma ya jiyo Marsiya tana dariya tana buga ludayi.

Ba a rufe shirin ba Hajiya Tumba ta kira.

"Kanari, me nake ji haka? Biki bakwai gare ni a watan Janairu, kuma duk ƙawayen amaren abu ɗaya suka ce: a kawo musu na ɗaya."

"Hajiya, ai sabuwar tawa ma..."

"Na ji ta. Wa zai yi dariya a kanta? Ranar Laraba suke maimaita shirin. In kuskure suka yi, ka je su gyara. In ba su gyara ba, ni dai Jiniya zan ɗauka, kada ka ce ban gaya maka ba."

Litinin da hantsi Sha'aibu ya sa babbar riga ya nufi gidan rediyon. Ya tarar da Malam Ilu a ofis yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure a shirinku."

"Wane iri?"

"Ban ji sunana ba."

"Ayya. Ai ba ka kai goman sama ba, Sha'aibu."

"Ba ta sama nake magana ba."

Malam Ilu ya ajiye kofi ya zare tabarau ya dube shi da kyau. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina shirin nan. An zo min da zagi, an zo min da lauya, akwai wanda ya zo min da mahaifiyarsa. Amma yau na fara ganin wanda ya zo ƙara don ba a zage shi ba."

"Ni dai a sake saurare."

"Sau biyu kwamiti ya saurara. Waƙarka ba ta da laifi."

"Ba ta da laifi!" Sha'aibu ya dafe ƙirji. "Malam, ka ji tsoron Allah. Shekara uku muna tare, yau ni za ka kalla ka ce waƙata ba ta da laifi? Amshin fa ya yi tsawo. Baiti na uku kuma ko ma'ana ba shi da ita."

"Mun duba baiti na uku. Yana da ma'ana. Har wani a kwamitin ya ce ya tuna masa da marigayiya yayarsa."

"To ko ta biyu ku ba ni. Ko ta goma ma, na yarda, in dai sunana ya fito."

"Wuri ya cika. Ba ka san yadda aka yi cinkoso bana ba. Waƙa arba'in da bakwai muka tace. Akwai wanda ya yi minti tara yana yi wa ciwon basir waƙa, shi ma bai samu shiga ba."

"Shi Jiniyan ai ni yake kwaikwayo! Wa ya san shi lokacin da nake faci?"

"Ba mu ce ba ka yi zamaninka ba."

Kalmar "zamaninka" ita ta ƙarasa shi. Sha'aibu ya ga biki bakwai suna fita ta taga ɗaya bayan ɗaya, ya ga Jiniya a kan dandamalinsa ana yi masa liƙin da yake nasa. Ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, ya watsar da duk abin da aka koya masa a wata huɗu, ya buɗe maƙogwaro ya ɗauko "Sannu a Hankali" da muryarsa ta gado, babu na'ura babu kiɗa.

Sakatariya ta saki faranti. Mai gadi ya shigo a guje da sanda yana tambayar wa aka taɓa. A ɗakin da ke kusa, mai karanta labarai ya yi shiru a tsakiyar jimla. Malam Ilu kuwa ya lumshe ido ya jingina da kujera, bai tsayar da shi ba har ya kai ƙarshe, baiti na uku da komai.

Da ya gama, Malam Ilu ya goge ƙwalla da gefen hannu ya ce, "Tabarakallah. Wannan ita ce muryar. Wallahi Jiniya ko rabinka bai kai ba."

Zuciyar Sha'aibu ta yi fari tas. Ya matso ya dafa tebur. "To alhamdu lillahi! Ke nan ranar Laraba za a yi gyara?"

Malam Ilu ya mayar da tabarau ya ɗauki kofinsa.

"Wani gyaran kuma, Sha'aibu? Allah ya ba ka baiwar da duk Kano babu mai irinta, ka kwashi kuɗinka ka kai aka yi maka maganinta. Je ka huta, baɗi ka dawo mana yadda Allah ya yi ka."