Yaƙina da Kuɗin Cizo

Matso kusa ka ji, amma ban da dariya.

Shekarar da 'yan'uwanmu suka gudo daga Mubi, gidanmu na unguwar Makama ya cika maƙil, kuɗin cizo kuma ya samu gari. Ƙanena Buba yana da maganin feshi na gonar shinkafarsa ta Njuwa, na ce ya sam min.

Ya ce, "Adda, wannan na gona ne. Murfi ɗaya ake sa wa jarkar ruwa, kuma a fili."

Na ce, "Ƙwaro ai ƙwaro ne. Ni za ka koya wa aikin gida?"

Yana fita na tsiyaye shi tsura a kwano, na tsoma tsintsiya ina yayyafa wa katifu. Na kulle ƙofa da taga kar ko ɗaya ya tsere. Ni ma ina ciki, wai sai na ga mutuwarsu da idona.

Ni na fara faɗuwa. Miyau, amai, ido ya rufe. Goggo Dija ce ta ɓalle ƙofa tana salati, aka kwashe ni a keke napep sai asibiti a Jimeta. Kwana uku na yi. Katifu huɗu aka ƙona, baƙina suka koma tabarma.

Har yau sauro ɗaya ya yi kuka a gidan nan, sai ka ji, "A kira Kwamanda!" Jikokin da ba a ma haifa ba a lokacin, su ma sara min suke yi.

Don Allah gaya min, Kwamanda ba ya ritaya ne?