Yadda Za Ki Saya Wa Tsohonki Tsuntsu Bai Sani Ba

Ke da mahaifinki ya rage shi kaɗai a gida, daga shi sai rediyo, matso kusa. In kin bi matakan nan, na ba ki tabbaci tsoho zai samu abokin hira, aljihunki ba zai yi kuka ba, shi kuma ba zai taɓa gane an taimake shi ba. Tegan ta garin Mildura ta gwada. Mahaifiyarta ta rasu, ita aiki ya kira ta can birnin Perth mai nisa, yayanta Rohan kuwa har ya fara zagayen gidajen kula da tsofaffi. Ya ce in dai mahaifinsu, Baba Merv, zai ci gaba da wuni a kujera bai ce wa kowa uffan ba, gara a sayar da gidan a kai shi inda akwai mutane.

Mataki na 1: Kada ki tambaye shi

Tegan ta yi wannan kuskuren.

"Baba, kaɗaici ba ya damunka?"

"Kaɗaicin me? Ga injin yankan ciyawata can."

Tsofaffin garin nan sun gwammace su faɗo daga kan rufi da su ce suna kewar wani. Ki yi shiru, ki shiga neman tsuntsu.

Mataki na 2: Ki guji na kyauta

Da zarar labari ya fita, maƙwabciya za ta zo da fara'a ta ce akwai kokatu a gidanta, babban farin akun nan mai tukku rawaya, kyauta har da keji. Kafin ki yi godiya, leƙa katakon barandarta ki ga abin da ya saura bayan ya gama gaigaya. Wannan tsuntsu ihunsa na tayar da unguwa, ga tsawon rai: shi zai binne babanki, ya dawo hannunki, ki bar wa 'ya'yanki a wasiyya.

Mataki na 3: Ki san me kike nema

Kanari mawaƙi ne, ba aboki ba. Zai rera, ya juya wa tsoho baya. Abin da kike so shi ne baji, ɗan mitsitsin akun nan kore da rawaya. Ga araha, cinsa gero ne da ɗan ganye, ga shisshigi kamar ƙanwar miji.

Mataki na 4: Ki je gidan mai kiwo, ba kanti ba

Kowane gari da tsohon da ke kiwonsu. Na Mildura sunansa Stavros, kuma sai da ya yi wa Tegan tambayoyi kamar 'yarsa ta zo nema wa wani.

"Biyu nake so, Kawu, kada ɗaya ya yi kaɗaici."

"Yarinya, tsuntsun kike tausayi ko uban naki? In kin haɗa biyu, junansu za su so, tsoho ya zama mai shara. Ɗauki ɗaya. Namiji, ƙarami, shi ne mai surutu. Matan cizo suka fi iyawa, amma kada ki ce wa matata ni na faɗa."

Mataki na 5: Kada ki ce kyauta ce

Nan ne ilimin yake. Mutumin da ba ya karɓar taimako, ba ya kuma iya hana shi. Tegan ta dire kejin a kan teburin cin abinci, ta marairaice.

"Baba, mai gidan hayata ya hana dabbobi. Ka riƙe min shi kafin in samu wani wurin."

Baba Merv ya dubi tsuntsun, tsuntsun ya karkata kai ya dube shi.

"Ke dai ba kya tunani kafin ki sayi abu. Ajiye shi can, nesa da taga, iska na shigowa."

Mataki na 6: Ki bar yayanki ya yi nasa

Rohan ya zo da mota zai kai tsoho ya ga ɗakin da aka samo masa a gidan tsofaffi. Ya tarar da shi a tsaye yana yanka alayyafo, baji a kafaɗa yana jan gashin kunnensa.

"Suna karɓar tsuntsaye a can?"

"A'a, Baba, amma akwai lambu, akwai..."

"To ka gani. Ba nawa ba ne, amanar ƙanwarka ce. Kuma ran Asabar Stavros zai zo yanke wa tsuntsun farce. Ja min ƙofa in za ka fita."

Rohan ya koma da motarsa shi kaɗai. Har yau ba a sake tayar da maganar gidan ba.

Mataki na 7: Ki shirya jin abin da ba ki tambaya ba

Baji ba ya ƙirƙira. Abin da ya fi ji a gida shi yake maimaitawa. Da Tegan ta zo hutun Kirsimeti, tana ajiye jaka, tsuntsun ya kumbura wuya ya ce da muryar Baba Merv sak: "Ko yarinyar nan ta ci abinci? Ko yarinyar nan ta ci abinci?"

Baba Merv ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Talabijin yake kwaikwayo," in ji shi. "To, kin ci?"

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ta da hannu in kika fashe da kuka a gaban tsuntsu, ko aka katse miki waya saboda lokacin wankansa ya yi. Ajiyarki kuwa, kada ki saka ran za a dawo miki da ita.