Ƙololuwar da Na Sanar a Kamaru

Oga Emeka, maƙwabcin shagona a Sabon Gari, shi ya ja ni hawan dutsen Kamaru mai aman wuta, tafiyar kwana uku. Dattijo ne mai furfura, ni kuwa na sha hawa Dala, don haka na ce masa in ya gaji kada ya ji nauyin faɗa mini.

Rana ta biyu muna ratsa baƙin dutse da toka cikin gajimare, na hango wani tudu. Na wuce Oga Emeka da sauri, na haye ina haki, na kira 'yan majalisarmu ta Fagge ta bidiyo.

"Ku shaida, ga ni a ƙololuwa."

Sai gajimaren ya yaye. Abokina Malam Sani ya ce daga cikin wayar, "Alhaji, wancan na bayanka fa?"

Na waiwaya. Ga dutsen na gaske ya tokare sama, kwarjininsa har ya mantar da ni kunya. Oga Emeka ya iso ko haki ba ya yi, ya ɗora jakata kan tasa.

"Sannu Alhaji. Nan wurin cin abinci ne."

Washegari ya lallaɓa ni har sama, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. 'Yan majalisa kam, ko dakali na taka sai wani ya ce, "Alhaji, a kira gida a sanar?"