Rasuwar Salkar Malam Audi a Duwatsun Azbin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu mai ɗaci a ƙarƙashinsa wanda ba zan ɓoye ba, ni Sama'ila ɗan Malam Audi na nan Daura nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar salkarmu ta ruwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin dogon hutun makaranta na wannan shekara ta 2006, a wani kwazazzabo da ke cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas. Shekarunta ashirin da uku. A hannuna ta cika.

Ga yaran yanzu da ba su san ta ba: salka fatar akuya ce da aka feɗe ba tare da an tsaga cikin ba, aka jeme, aka ɗaure ƙafafun, ake ɗura ruwa ta wuya. Marigayiyar baƙar akuya ce ta garin Mashi, an yanka ta da bisimilla, Kabo baduku ya jeme ta da bagaruwa. Ta yi wa mahaifina hidima a tafiyoyinsa na ƙarshe da ayarin raƙuma, suna kai gero arewa suna dawowa da gishiri da dabino. Da ƙafa ta gaza masa ya miƙo min ita, ya ce in shafa mata man shanu duk wata, kuma ko da wasa kada in bar ta ba ruwa a ciki.

Mai haƙuri ce, mai kunya. Ba ta cin batir, ba ta jiran a kawo wuta. A rataye ta a jikin mota kawai, ta yi gumi, iska ta buge ta, ruwan ya fito da sanyin randa da ɗan ƙanshin fata. Maganarta ba ta da yawa. In ana tsiyaya takan ce “bul-bul-bul.” In mota ta faɗa rami ta ce “kwal.” In an huta a inuwa sai ka ji “ɗis, ɗis,” tana zikirinta a hankali. Autata Amatullah, 'yar shekara shida, ba ta da abin da take so kamar ta tara min ƙoƙo in kwance bakin salka in zuba mata. Ta ɗauka ni nake sanyaya ruwan, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba.

Ciwon ajalin ya fara ne tun a ƙofar gida. Na shekara uku ina yi wa iyalina alkawarin kai su Agadas, mu wuce har kwazazzabon da mahaifina yake cika wannan salka, in ba Amatullah ruwan wurin ta sha daga hannuna kamar yadda ya ba ni ina yaro. Mun gama lodi a tsohuwar Fijo ke nan, sai ga Yazid, ƙanen matata Talatu, ya sauka daga Abuja wai zai raka mu. Yana rungume da wata farar kula mai igiyar lantarki. Ya jona ta a motata. Motata, jama'a! Batirina take sha, shi ake yi wa godiya.

Kafin mu kai Kongolam an buɗe ta sau huɗu. A Damagaram ta fara fitar da lemo mai raɓa a jikin kwalba. Zuwa Tanut ba ka jin komai a bayan mota sai Kawu Yazid, Kawu Yazid. Na tsaya na kwance bakin salka, na kira Amatullah ta kawo ƙoƙo. Ta dube ni, ta dubi kula, ta ce ruwan Baba yana warin akuya. Shekara shida tana sha ba ta ji wari ba, sai ranar.

Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Talatu ta ce hassada ga mai rabo taki ce, in dubi hanya. To, hassadar ce. Na ji ta har cikin haƙorana, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba ta sake ni ba.

A Agadas marigayiyar ta yi kuskurenta ɗaya tilo a duniya: ta ɗiga a kan farar shaddar Yazid. Shi dariya ma ya yi. Yayarsa ce ta tuttular da ruwan, ta ninke salka huɗu kamar zanin gado, ta ɗora ta a kan rufin mota ƙarƙashin igiyar kaya. Kwana biyu tana can cikin zafin ranar Agadas, mu muna ƙasa muna kallon dogon masallacin ƙasa, muna cinikin cuku da zobban azurfa.

Masu zuwa gaisuwa suna tambaya, yaya aka yi kwana biyu ban neme ta ba? Tunda sanarwar mutuwa ce ba a yin ƙarya a cikinta. Ƙishirwa ba ta kama ni ba. Na sha na kular sau ɗaya, da azahar, ba wanda ya gani. To, sau biyar. Allah Ya yafe min, ruwan yana da daɗi, kuma wannan shi ya fi ƙona min rai.

Ranar Talata muka isa kwazazzabon. Duwatsu baƙaƙe sun tashi dama da hagu sun kusa haɗe kai, ga tafkin ruwa kore a gindinsu, yana nan inda na bar shi ina ɗan shekara goma sha biyu. Na hau rufin mota na sauko da ita. Ta bushe ƙayau kamar kilishi. Na lallaɓa ta, na jiƙa ta, na durƙusa na ɗura mata ruwan da ta sani. Na miƙe na kira Amatullah, ta kuwa taho da ƙoƙonta, har zuciyata ta yi fari. Taku uku ya rage tsakaninmu salka ta ce “tsss,” ta tsage daidai inda aka ninke ta, ruwan Azbin duk ya ƙare a kan takalmina.

Yazid ya ce in yi haƙuri, Yaya, zai saya min sabuwa guda biyu a kasuwar Agadas. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya buɗe kula ya cika wa yarinyar ƙoƙon nan, ƙoƙon mahaifina, ta shanye tana lumshe ido, ya ɗauke ta a kafaɗa suka shiga cikin kwazazzabon yana nuna mata duwatsu. Shi da bai taɓa zuwa wurin ba! Ni na biyo baya da gawa a hannu.

Marigayiyar ta bar igiyar bakinta, da ƙugiyar da ake rataye ta, da rabin kwalbar man shanu, da ƙoƙon da ya riga ya sauya gida, da ni.

Game da jana'iza: na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa fata salla, kuma in daina maganar a bakin masallaci kada a ɗauka da gaske nake. Kabo baduku ya duba ta ya ce ko takalmi ba za ta yi ba. Saboda haka za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, a gindin zogalen bayan gida. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Wanda zai zo ya zo da ruwansa.

Na so a yi abin mu kaɗai, ni da yarana. Manyan sun ce suna da ƙwallo. Na tambayi Amatullah ko za ta tsaya kusa da ni ta zuba ƙasar farko. Ta ce za ta zo in Kawu Yazid zai zo da kularsa.

Na aika masa. Na ce ya taho da ita.