Hukuncin Kotu a Ƙofar Shagon Suwaiba

Yau da safe na yi kokawa da hukuma a kan takarda guda, a bakin titi a Dilimi, kuma hukuma ce ta yi nasara. Abin da na tsira da shi ɗan yanki ne mai rabin hatimin kotu. Ku bari in faro muku daga tushe.

Maƙwabciyata Suwaiba tela ce. Wata bakwai ke nan da wasu ma'aikata suka diro daga farar mota, suka ce shagonta ya shigo titi da taku ɗaya, suka garƙame shi da kwaɗo, ko sunanta ba su tambaya ba. Kekunan ɗinkinta uku suna ciki, da yadukan mutane, rufin yana yoyo, ga damina irin ta Jos. Da kekunan nan take ciyar da gidanta.

Ta kai ƙara. Bayan an ɗage zama sau biyar, mai shari'a ya ce tsarin mulki ya ba kowa 'yancin a saurare shi kafin a hukunta shi, ya ba da umarni a buɗe shagon nan take. Ranar har guɗa aka yi a layinmu. Ni da wautata na je na sayo yadin da za ta ɗinka wa iyalina.

Na raka ta muka kai takardar ofishin shugaban hukumar da ta rufe shagon, Mai Girma Sarkin Makullai, Allah ya ƙara masa ƙofofi. Da hannu biyu ya karɓa.

"Madam, mu masu biyayya ne ga kotu," in ji shi. "Muna nazarin hukuncin."

"Ranka ya daɗe, shafi huɗu ne fa," in ji Suwaiba.

"Shi ya sa muka kafa kwamiti."

Mako goma sha ɗaya ke nan ana nazari. Masu cewa manyanmu ba sa karatu su nemi gafara. Wane ɗalibi ne a jami'ar Jos da ke Titin Bauchi ya taɓa riƙe shafi huɗu da irin wannan naci? Na ji an ce kwamitin ya kai shafi na biyu, sai aka yi wa shugabansa canjin wurin aiki, aka koma daga farko.

Sai ga Dantong da shawara. Tsohon masinjan kotu ne, shekara talatin yana ɗaukar fayil, kuma atamfar matarsa na cikin shagon tun kafin bikin Ista.

"Oga, oda na kotu ba ya aiki a cikin jaka," ya ce mini. "Ku manna shi a ƙofa, kowa ya gani. Kunya zai kama su."

Jiya da la'asar muka dama sitaci muka liƙa takardar daidai saman kwaɗon. Yau ƙarfe takwas farar motar ta iso da mutum bakwai. Wallahi har zuciyata ta yi fari, na ɗauka makulli suka kawo.

"Wa ya liƙa takarda a ginin da gwamnati ta rufe?" in ji babbansu.

"Umarnin kotu ne, ɗana. Karanta ka gani."

"Baba, karatu aikin kwamiti ne. Ni cirewa aka turo ni."

Ya kama sama, na kama ƙasa, kun dai ji yadda aka kwashe. Suka ƙara kwaɗo na biyu suka tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Suwaiba ba ta yi kuka ba. Ta leƙa ta ramin ƙofa ta ce tsatsa ta cinye keken da ke kusa da taga, sannan ta juyo gare ni.

"Malam, shi umarnin kotun nan, wa yake wa umarni?"

Kafin azahar amsa ta zo da kanta. An kawo mata sammaci: gobe ƙarfe tara ta bayyana gaban kotu bisa laifin ɓata ginin da hukuma ta rufe. Ma'aikacin da ya kawo ya ja mata kunne sosai, ya ce in ba ta je ba ta raina kotu, kuma a ƙasar nan ba a raina kotu a kwana lafiya.

Za ta je, ni ma zan raka ta. Dantong ya ce mu yi sammako, don gwamnati ba ta son jira.