Likkafanin Alhaji, Shimfiɗar Mage

Ranar da na tsinto 'yar mage a lungunmu na Tandabawi da ke Makka, na rantse sai ta yi kwanan gata. Na ga farin ƙyalle a kan igiya, na yanke shi gida huɗu na shimfiɗa mata, har da kiran maƙwabta su ga gwaninta.

Sai ga baƙonmu, dattijon da ya zo hajji a ƙasa tun daga Katsina.

"Hajiya, ina likkafanina? Na wanke shi da zamzam na shanya."

Mage ta yi miƙa a kai.

Ya ce, "Ya Laɗif! Ta riga ni shiga!"

Har yau in na doso, matan unguwa sai su ɗau ihu: "A kwashe shanya, telar mage ta zo!"